Lamba uku a kwamfutar Baba

A kamfanin audugar da na fara aiki, can wajen unguwar Kongo, babbar kwamfuta ɗaya ce, an ware mata ɗaki da na'urar sanyi, mu kuwa muna ta zufa a waje. Bayan an tashi takan yi wani aiki ita kaɗai, ta haɗa bayanin kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. In ta gama sai ta bar rahoton yadda aikin ya gudana, wanda muke kira log. Da shi ake gane ko ta kammala ko ta maƙale a hanya.

Mai buga log ɗin a firinta kowace safiya aminin mahaifina ne, maƙwabcinmu a Ƙofar Galadima. Baba nake ce masa. Shi ya samo mini aikin, shi yake goya ni a babur. A shekarar da abin ya faru sai ya fara miƙo mini makullin babur ɗin a ƙofar gida yana cewa, "Ja mu, gwiwa ta fara tsufa." Daɗi kamar ya kashe ni, ina ratsa lungunan birni ina danna hon. Ban taɓa tambayar kaina me ya haɗa gwiwa da tuƙin babur ba.

Da hedikwata ta sabunta mana manhaja, sai log ya daina fitowa. Aikin yana gudana, amma rahotonsa ko sama ko ƙasa. Manaja ya ce in gano dalili, ya ƙara da cewa idan ba laifin na'ura ba ne, to wani zai bar kujerarsa. Na duba ko faifan ajiyar kwamfutar ya cika, bai cika ba. Na zargi ɗauke wuta, na zargi agogon kwamfutar, har injiniyoyin hedikwata sai da na ɗora wa laifi. Abin ya tsaya mini a rai, don a lokacin ina ji da kaina ƙwarai.

Daga ƙarshe na ce bari in tsaya in ga yadda ake aikin safe da idona. Manaja ya biyo ni, ban hana shi ba, so ma nake ya ga ƙwazona.

Baba ya zauna, ya yi bismillah, yatsunsa suka kama aiki da sauri. Ya danna lamba uku. A tsohon tsari uku ita ce a buga log, a sabon kuwa an mayar da ita a goge, bugawa ta koma lamba biyu. Kwamfuta ta tambaya da manyan haruffa ko ya tabbata, ya danna mata amsa ko tsayawa bai yi ba. Ya tashi ya je gaban firinta ya jira, sannan ya ce, "To, yau ma ba ta bayar ba."

Murna ta kwashe ni. Na ce, "Baba, ba ka ga abin da ta rubuta ba ne? Ga shi ɓaro-ɓaro!"

Manaja ya matso ya nuna allon da biro. "Alhaji, karanta mana layin nan."

Baba ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, dishi-dishi nake gani. An jima da farawa."

Ashe da ka yake aikin tun tuni. Da na yi shiru, a kan babur zan ce masa, "Baba, yanzu biyu ake dannawa," shi ke nan. Dattijon da ko takalmi ba na wucewa da shi a gabansa, shi na tona wa asiri a gaban baƙo.

Ƙarshen wata aka sallame shi. Na koma fita ta wani lungu don kada mu haɗu da Baba.

Wata safiya na fito sai na tarar da shi tsaye a zaurenmu, babur na jingine a waje. Da muryata ya gane ni. Ya lalubo hannuna ya danƙa mini makullin.

"Kullum kana makara, an faɗa mini. Riƙe shi, kai ne mai ido. Ranar asibiti dai ka zo ka ja mu."