Kwalba Mai Warin Hayaƙi

A shekarar da kogi ya janye har muna taka yashinsa daga Harobanda zuwa Gamkalley, ina ajin ƙarshe na karatun injiniyan tsabtar ruwa. Aikin da malamina ya ɗora mini shi ne in auna ruwan rijiyoyin unguwar Kirkissoye, in ware na sha da na rufewa. Ba don jarrabawa kawai ba. Famfo yana kwana da kwanaki bai ɗiga ba, hukumar soji kuma tana jiran takardar don ta nuna wa ƴan unguwa inda za su riƙa ɗiba. Ni kuwa kaina ya kumbura, farar rigar ɗakin gwaji ko kasuwa da ita nake zuwa.

Kwalabenmu sai an dafa su a tukunyar ƙarfe an toshe, ba a buɗewa sai a bakin rijiya, kuma mai awon ne zai ɗebo da hannunsa. Rijiya ɗaya ta gagare ni. A tsakar gidan wata dattijuwa ƴar Tahoua da muke kira Inna take, ƴaƴanta maza duk fari ya kore su cin rani, sai ita da surukanta da jikoki. Baƙon namiji ba ya shiga irin wannan gida. Sai na yi sallama na miƙa mata kwalba ta ƙofa, ta ce in zaga sauran rijiyoyin in dawo. Kowace Litinin haka muka riƙa yi, ban gaya wa kowa ba.

A ɗakin gwaji muna tace ruwan ta wata ƴar takarda, mu ajiye a wuri mai ɗumi. In akwai ƙwayoyin cuta, washegari za ka ga ɗigo-ɗigo sun fito. Na Inna kullum fari fat. Na sa rijiyarta a saman jerin na sha, har ina yi wa abokaina burga na gano zinariya.

Saura kwana huɗu a kai takardar, tsohon da ke wanke mana kwalabe ya ɗauki ragowar ruwan Inna zai zubar. Bazabarme ne, Hausar kasuwa yake yi, kuma ban taɓa tambayar ra'ayinsa a kan komai ba. Ya kai kwalbar hanci, ya sake kaiwa.

"Mushe injiniya," in ji shi, wato malam da Faransanci, "rijiyar nan naka, cikin murhu yake?"

Raina ya ɓaci. Na karɓa na shinshina, warin hayaƙi ne ba ko tantama.

"Wa ya ɗebo?" ya tambaye ni.

Ko rigar ban cire ba na hau keke. Inna ta fito tana gyara mayafi, na gaishe ta, na tambaye ta yadda take cika mini kwalba. Dariya ta yi.

"Kai ko, ɗana. Ka taho daga lakkol, makarantar boko, da hwarar riga, in ba ka wanda muke sha? Tahwasa maka nike, in tace da sabon kallabi."

Ita duk a zatonta sha nake yi.

"Jikokinki fa, Inna?"

"Su sun saba. Icce bai isa a tahwasa na kowa ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na roƙe ta, ta kora surukanta ɗaki, ta shigar da ni da kanta. Masai yana nan taku kaɗan daga rijiyar. A inuwa wata ƴar jikarta tana kwance a tabarma, Inna ta ce gudawa ce, tana tafiya tana dawowa. Na jefa guga da hannuna.

Washegari ɗigon ba ya ƙirguwa. Na kai wa malamina, na faɗa masa duk abin da na yi. Ya miƙo mini biro ya ce in soke layin rijiyar Inna da kaina. Da ba don hancin tsohon nan ba, da unguwa guda na tura wannan rijiya da sa hannuna a ƙasa. Har ya bar duniya ina zuwa gaishe shi, kuma har na bar aiki ban auna ruwan da ban fara shinshinawa ba.

Gaya wa Inna shi ya fi mini wuya. Na je da kwalbar jabel ta kashe ƙwayoyin cuta, na nuna mata yawan da za ta ɗiga a randa, na ce kafin a gyara rijiyar kada yara su sha sai an tafasa. Ina jiran ta yi fushi, baƙon da ta karrama ya dawo yana aibata mata rijiya. Ta dubi yarinyar da ke tabarma, ta dube ni.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce. "Iccen da nike ɓoye maka ran Litinin, yanzu nata ne."