Karanta Labarai a Cikin Baho

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma abin da aka fara koya mini a aikin shi ne numfashi. Wanda ya horar da mu wani dattijo ne mai kaifin kunne. Yakan zauna a bayan gilashi yana saurare, in ya ji ka ja iska ta baki sai ya ɗaga yatsa ɗaya. In yatsu suka kai uku, ka koma farko. Ya ce makirufo ba ya rufa wa kowa asiri, saboda haka ka rufe baki a ƙarshen jimla, ka ja numfashi ta hanci a hankali, sannan ka ci gaba. Na bi wannan har ya zame mini jiki. Matata takan ce ko barci nake yi, bakina kamar an sa masa kwaɗo.

'Yarmu ta fari a Samaru ta girma. Tana ƙarama na hana ta zuwa dam ɗin bayan jami'a, inda yaran unguwa ke iyo, domin ni kaina ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Sai ga shi ta karanta ilimin halittu, ta ƙware a kan halittun ruwa, aiki ya kai ta gaɓar tekun Kenya. Can take nutso da tukunyar iska a baya, tana aiki a kan murjani, wato halittun nan masu kama da dutse da ke tsirowa a ƙasan teku. In an tambaye ni a coci abin da take yi, sai in ce bincike take yi a teku, in yi sauri in kawo wani zance. Wata tsohuwa a zumuntar mata ta yanke hukunci cewa kifi take sayarwa, kullum kuma sai ta tambaya ko ta aiko da banda.

Yarinyar ta sha yi mini bayani a waya, ina amsawa da to, to. Wata rana ta gane ba na fahimta.

"Baba, na gaji da bayani," in ji ta. "Ka yi shekaru kana gaya wa mutane abin da ke faruwa a duniya, amma ba ka san inda 'yarka ke wuni ba. Ka zo ka gani da idonka."

Ta ce ba nutso zan yi ba. Zan kwanta ne kawai a saman ruwa da gilashi a fuska da bututun numfashi a baki, in duba ƙasa. Ta ce in nemi kayan in saba da su kafin mu taso, ni da mahaifiyarta. Na yi mata alkawari da muryar da nake karanta sanarwar gwamnati.

A kasuwar Sabon Gari na samo su, wajen masu gwanjo. Mai rumfar wata mata ce da iyayenta suka zo daga kudu, amma a unguwar Muchia aka haife ta, Hausar kasuwa kuwa ta fi ni. Da na kwatanta mata abin da nake nema, ta zazzage wani buhu ta fito da gilashin. Ta ce guda uku suka zo a dila. Mai walda ya sayi ɗaya ya dawo da shi, wani ɗan acaɓa na sa ɗaya in ana ruwa. Bututun kuwa ta rataye shi daban, tana zaton na injin wanki ne. Ta gane muryata tun daga gaisuwa.

"Oga, wane teku za ka shiga a Zariya?" ta ce. "Ko kogin Galma ya kawo ne ba ka faɗa a labarai ba?"

Na ce shirin tafiya nake yi. Ta ce in na ga kifi in gaishe shi.

A gida muka ɗora babban bahon wanki a kan benci, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, muka cika shi da ruwan rijiya. Matata, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, ta zuba marafan kwalba masu launi da cokali ɗaya a ciki, ta ce ga murjani ga kifi. Ita ta fara gwadawa. Ta sa gilashin, ta kama bututun da haƙora, ta sunkuya. Ta daɗe har na fara taɓa kafaɗarta. Ta ɗago ta ce marafan goma sha ɗaya ne, ɗaya ya kife, ta gyara ɗankwalinta ta koma kicin.

Gilashin nan yana rufe ido da hanci gaba ɗaya. Iska ta baki kaɗai take shiga, ta bututun da kansa ke saman ruwa. Na san wannan sarai, na ma yi wa matata bayaninsa. Amma da fuskata ta shiga ruwa, sai hancina ya yi aikin da aka koya masa. Na ja, babu iska, gilashin ya manne mini a fuska kamar an yi mini ƙaho. Na ɗago a firgice, ruwa na zuba a rigata. Na sake, haka. Mako guda ina yi safe da yamma, ban taɓa wuce ƙirga huɗu ba.

Maƙwabcinmu tsohon soja ne da ya yi aiki a barikin Basawa. Ya leƙo ta katanga ya ga halin da nake ciki, ya ɗauki nauyin horar da ni. Yakan tsaya yana ba da umarni da ƙarfi, buɗe baki, ja, saki. Umarninsa na shiga kunnena, amma yatsan dattijon nan na bayan gilashi ya riga shi zama a kaina.

Saura kwana goma tafiya na yanke shawarar janyewa. Na shirya jimlolin tsaf: zan ce wa 'yarmu likita ya ce in yi hankali da hawan jini, zan zauna a cikin jirgin ruwa in jira su. Na karanta wa matata don ta ji ko sun yi daidai. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa.

"Maigida, karatun ya yi kyau," ta ce. "Amma in ka faɗa mata haka, ni zan kawo gyaran labari."

Ban kira ba.

Damina ce ta cece ni. Ruwa ya kama ni a hanyar dawowa daga kasuwar Samaru, washegari na tashi da mura, hanci a toshe kam. Ina zaune ina jan iska ta baki sai na tuna cewa na sha karanta labarai a irin wannan hali. Akwai dabarar da muke yi: ka kau da kai kaɗan daga makirufo, ka saci iska ta gefen baki, ka dawo kan jimla. Ko dattijon yakan kau da ido ga mai mura. Na tashi na nufi bahon. Na sa kayan, na sunkuya, na fara da gaisuwar masu saurare, na shiga kanun labarai na wata rana da na haddace. A ƙarshen kowace jimla na saci iska ta baki. Na gama kanun labarai, na shiga cikakken bayani, ina kallon cokali a ƙasan baho. Marafan goma sha ɗaya ne, kamar yadda ta faɗa.

Mai bututu a tsakanin haƙora ba ya fitar da kalma, gunji kawai ke fita ta sama. Tsohon sojan ya ce tamkar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, ya roƙi matata ta canza tasha. Da murar ta warke na ci gaba da yi kamar tana nan, kuma dabarar ta zauna.

Da muka isa Kenya, wurin da 'yarmu ta kai mu ba shi da zurfi sosai. Ƙaramin jirgin ruwa ya ɗauke mu da hantsi zuwa inda ruwan ke kwance, launinsa kore-kore, ana hango yashi a ƙasa. Aka sa mini rigar da ke hana nutsewa, na sauka ta tsani ina riƙe da hannun yarinyar da na hana zuwa dam. Na sa fuska a ruwa. Teku ba baho ba ne, yana motsi, kuma ba shi da gefen da za ka dafa. Nan take hancina ya koma halinsa, gilashin ya manne, na ɗago ina tari da gishiri a maƙogwaro.

'Yata ta ce ba komai, in koma jirgi in huta, zuwan da na yi ma ya isa. Ta faɗa da fara'a, amma na san muryar wanda ke karanta abin da bai so ba. Matata na shawagi kusa da mu kamar a ruwan aka haife ta. Ta cire bututunta.

"Maigida, lokacin labarai ya yi."

Na mai da fuska, na gai da masu saurare.

Kafin in gama kanun labarai na daina jin tsoro, domin abin kallo ya yi yawa. Murjani iri-iri ne, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar kan kabeji, wani shimfiɗe kamar faifai. Kifaye masu zane irin na atamfa suna wucewa ta gaban gilashina ba su kula da ni ba. Abin da ban zata ba shi ne ƙara. Ƙarƙashin ruwa akwai wani ƙas-ƙas da ba ya tsayawa, kamar ana suya a ɗaki na uku. Na ga wani koren kifi mai baki irin na aku yana gatsar murjani, na kuma ji gatsar da kunnena.

Sai 'yata ta saki hannuna. Ta ja numfashi, ta kifa kai, ta sauka ƙasa babu tukunya. Na bi ta da ido har inda aka jera wasu ƙarafa kamar gadajen kwana, an ɗaure ƙananan rassan murjani a jikinsu, kowanne da lambarsa. Ta goge ɗaya da yatsa, ta gyara ɗaurin wani, ta ɗago kai ta nuna mini su. Na san wannan aikin. Na ga irinsa a fadamun Zariya, inda ake renon irin tumatir kafin a kai shi gona. Ban san lokacin da na bar tsofaffin labarai na koma bayar da rahoton abin da ke gabana ba.

A jirgi ta tambaye ni me nake ta faɗa a bututu, don har ƙasa tana jin gunjin. Na ce rahoto ne daga wurin aikinta, kuma wakilinmu ya gani da idonsa. Ta yi dariya har ta rufe fuska da tawul, ta daɗe ba ta cire shi ba.

Lahadin farko bayan mun dawo, tsohuwar nan ta tare ni a ƙofar coci. Na yi mata bayani dalla-dalla: yarinyar dashe take yi a ƙarƙashin teku, tana renon murjani a inda ya lalace, don kifi ya sami gida. Ta gyaɗa kai ta ce ashe manomiya ce, Allah ya yi albarka. Sannan ta tambaya ko ta aiko da banda.