Sabuwar motata ta maƙale a lungun Inna

Jama'a, yau na sayi mota, kuma ta bayanta na fito da rarrafe!

Da hantsi na karɓo ta wurin masu saida motoci a Konni, 'yar ƙarama fara, ko ledar kujeru ban cire ba. Na miƙe sai Illela don Inna ta sa mata albarka.

Lungun gidanmu matsattse ne, amma na ce ai ƙarama ce, za ta shige. Ashe maƙwabcinmu Malam Idi ya ƙaro katanga. Ina kai tsakiya madubi ya daki bango. Dama bango, hagu bango, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Na nemi komawa baya, giya ta ƙi shiga. Na kira wanda ya saida min, wayarshi kashe, ya tafi Juma'a. Zufa har cikin takalmi. Masu zuwa masallaci suka taru, na tare musu hanya.

Malam Idi ya ce, "Duk wanda ya taɓa min katanga, sai gaban mai gari."

Inna ta leƙo ta gilashin gaba. "Sani, fito mu gaisa mana."

"Inna, ba ni iyawa."

Na fi awa guda a ciki. Sai wani direban motar siminti daga Malbaza ya buɗe bayan motar, na rarrafo waje. Ya shiga ta nan, ya ɗaga wani ɗan zobe a ƙarƙashin kan giya, giyar baya ta shiga, mota ta koma baya lafiya lau.

Inna ta shafa ta, ta ce, "Allah ya sa albarka. Amma gobe ka zo da babur ɗinka."