Yadda Majigi Ya Cinye Mini Gado

A shekarun da ake ta murnar samun mulkin kai ne motar majigi ta zo mana Tambuwal. Aka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa. Mun saba da fim ɗin noman gyaɗa da na kashe sauro, amma ran nan sai aka nuna mana wani ƙaton gini a ƙasar Turawa, mai kama da rumbun da aka kifa. Mai bayani ya ce wai a ciki ake dafa wani dutse, ƙarfin atam ke nan, abin da yanzu muke kira nukiliya. Ya ce ɗan gutsurensa ya ishi gari guda wuta. Zai jawo ruwa daga rijiya, ya niƙa gero, ya sanyaya maganin asibiti, ba itace ba hayaƙi. Ya kuma rantse cewa ƙasashe masu tasowa irin tamu su ne za su fi cin moriyarsa. Shi kansa mai bayanin, ina kyautata zaton bai taɓa ganin abin da ya wuce injin motarsa ba.

Kowa ya yi dariya ya koma gida ya manta. Ban da mahaifina.

Mahaifina maƙerin fitila ne. Gwangwanin madara yake yankawa, ya liƙe da dalma, ya sa lagwani, aci-bal-bal ta fito. Daga Sanyinna har Dogon Daji fitilarsa ake kunnawa. Ni ne babban ɗa, kuma hannuna ya riga ya fara faɗawa. Ina son sana'ar nan kamar me. A gidanmu kuwa kayan aikin uba babban ɗa ake miƙa wa, haka shi ma mahaifina ya karɓa daga nasa uban.

Sai ga shi ya wayi gari ya ce sana'ar fitila ta mutu, jana'iza kawai ta rage. Ya ɗaure guduma da almakashi da awartaki a kan jaki, ya kai su Kebbe ya damƙa wa ɗan ƙanensa, wani sakarai da ko buta bai iya liƙewa ba. Ni kuma ya ja ni makarantar boko, wai in je in koyo yadda ake dafa dutsen. Shi kuma ya koma gona. Inna ta ce ta daɗe tana jin labarin wanda ya ga hadari ya yi wanka da kashi, ashe shi take aure. 'Yan'uwa suka yi ta zarya suna cewa ba a fitar da gado daga gida mai shi na raye. Bai saurari kowa ba. Na yi kuka, na yi yajin cin tuwo, yunwa ta dawo da ni.

Wutar atam dai har yau tana hanya. Sakaran Kebbe kuwa ya koyi aiki a kan dole, ya yi suna, har ana cewa fitilar Kebbe ba ta da na biyu. Ni na zama malamin firamare. Abin haushi, a littafin aji akwai darasin amfanin nukiliya, kuma da fitilar ɗan'uwan nawa nake shirya shi. Haushin nan na riƙe shi shekaru, ban ɓoye wa kowa ba.

Da Baba ya tsufa idonsa ya tafi. Wata rana da hantsi na same shi a zaure, ya tambaye ni, kamar kullum, ko an ji labarin wutar. Raina ya ɓaci, na ce masa babu wuta, babu dalilinta, ya dai raba ni da gadona a kan hoton ƙyalle.

Ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Kai kana ganina yanzu?"

Na ce ina ganinsa mana.

"To ni ba ni ganinka. Ubana ma haka yaƙ ƙare, bisa dalma da hayaƙi. Na san abin da nika saida ma mutane. Ran da aka ce akwai wutad da ba ta cin ido, ko ƙarya ta, ni dai na gaskata, don in samu hujjar ɗauke ka daga wurin."

Na gyara masa tabarma, don rana ta fara taɓa ƙafarsa.