Thomasin da 'Yar da Aka Raba Ta da Ita

Thomasin Orrel wankau take yi a Bristol ta ƙasar Ingila lokacin da mijinta Jabez ya zo mata da zancen tafiya Virginia, can ƙasar Amurka. Ba su da kuɗin jirgin ruwa, sai suka sa hannu za su yi wa wani manomin taba, Crispin Hoad, barantaka ta shekara biyar. Da bazara suka sauka. Kafin masara ta nuna zazzaɓi ya kashe Jabez, aka haƙa masa rami a gefen gona.

Ƙasar kabarin ba ta bushe ba Hoad ya kira ta.

"Shekarun mijinki fa, wa zai yi mini su?"

"Maigida, ai ya rasu."

"Ni na ce ya rasu? Ke za ki ɗauka, a ɗora a kan naki."

Alƙalan yankin duk manoman taba ne irinsa, suka ce gaskiyarsa ce.

Da cikinta ta riƙa noma, tana bin kunya-kunya tana tsince tsutsa daga ganyen taba. In Hoad ya biyo baya ya ga wadda ta tsallake, sai ya miƙa mata a tafin hannu ya ce, "Tunda kin bar ta, kina sonta ke nan. Tauna." Ta tauna, sauran barori suna kallon ƙasa.

A rumfar shanya taba ta haihu, ta sa wa yarinyar suna Averil. Tana yaye ta, Hoad ya ce ba zai ciyar da bakin da ba ya riƙe fartanya ba. Ya ba da ita ga gidan Penry, can saman kogi, ta yi musu aiki har ta girma, su kuma suka aiko masa da karsana. Thomasin tana gona aka sa yarinyar a kwalekwale. Da ta dawo, gurbin kwanciyarta kawai ta tarar.

Ta ƙarasa shekarunta da na mamaci. Haƙoranta suka zube, bayanta ya ranƙwafe. Ranar sallama aka ba ta masara da riga ɗaya. Mata sun yi ƙaranci a ƙasar, har wani gwauro mai gonarsa ya nemi aurenta, ta ƙi, ta roƙi masu kwalekwale suka haura da ita.

A ƙofar gidan Penry ta ga wata yarinya tana kaɗa nono, da haɓa irin ta Jabez.

"Averil, ni ce uwarki."

Yarinyar ta dube ta daga sama har ƙasa. "Uwata ta mutu a jirgi. Uwargida ce ta gaya mini. Matsa, tsohuwa, warin taba kike yi."

Uwargida Penry ta fito tana goge hannu, ta saurari bayanin Thomasin har ƙarshe. "Yarinya tamu ce sai ta girma, haka aka yi da Hoad. In aiki kike so, ga aladu can. Abinci kawai, ba lada."

Thomasin ta karɓa.

A bukkar da ke jikin garken aladun ta zauna. Kullum da safe Averil ke kawo guntun abinci na aladu, ta ajiye bokitin daga nesa. In Thomasin ta ce "'yata", sai ta ce, "Ki daina, ana yi mini dariya a coci." Thomasin ta daina.

Da Averil ta isa aure, wani maƙeri ya aure ta, ya ɗauke ta zuwa wancan ƙetaren kogi. Ba a gayyaci mai kiwon aladu ba. Daga bakin shinge ta hango kwalekwalensu har ya sha kwana.

Da sanyin shekarar tari ya kama Thomasin, ta mutu a bukkar. Penry ya aika wa maƙerin saƙo ko matarsa za ta zo jana'iza. Ɗan aike ya dawo ya ce suna yankan aladu, ba hali.