Tudun da Tumaki Ke Kiwo a Kai

Shekarun da na yi aikin jinya a Al Wakrah, kusa da Doha, akwai wata Baturiya 'yar Sikotlan da muke cin abincin rana tare. Wata rana ta miƙo min wayarta, wai in ga fadar ƙauyensu. Na duba, na sake dubawa. Tudun ƙasa ne kawai, kore shar, kamar an kifa ƙwarya, tumaki uku na kiwo a kai. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce mata a garinmu wannan ko juji bai kai ba.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce mutane ne suka tara ƙasar da hannu, suka kewaye ta da rami, suka kafa gidan katako a bisa. Katakon ya ruɓe tuni, amma har yau ba wanda ya isa ya sa wa tudun fartanya.

Tana magana, ni kuwa hankalina ya bar Al Wakrah. Sai ga ni a kan guntun ganuwar da ke bayan gonar babanmu, ina 'yar shekara tara, ƙafafuna na lilo, dawa na kaɗawa a ƙasa, iskar damina na kawo ƙamshin hadari. A nan nake ɓuya idan an aike ni. A satin da ta nuna min tudun ne kuwa Yayana ya kira, ya ce masu tifa suna son ƙasar ganuwar, shi kuma a yi masa bulo ya ƙara ɗaki, amincewata kaɗai ta rage.

Da na tashi aiki na tsaya bakin teku, inda jiragen masunta ke lilo, na kira shi. Na zuba masa labarin Turawa da tudunsu, da zafina, kamar ni na gina ganuwar. Ya bar ni har na gaji.

"Ƙanwata, yarana bakwai a ɗaki ɗaya suke kwana," ya ce. "Yaushe rabonki da hawa wurin?"

Na fara lissafi, na ji kunya na daina. Raina ya yi ɗaci, domin gaskiya ya faɗa. Na ce su kwashe, amma ya ɗaukar min hoto tukuna.

Washegari hoton ya iso. Babban yatsansa ya rufe rabin ganuwar.