Yatsan da Lalle Ya Ɓoye

Ranar wata Laraba ce a farkon watan Yuli, shekarar da nake aji uku na firamare. An wuni ana yayyafi a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, da la'asar kuma Gwaggo Tasalla, yayar babanmu, ta jera mu yaran gidan a kan tabarma a bakin ɗakinta, kowa ya miƙe ƙafa, ita ta zauna a kan turmi da kwanon kwaɓaɓɓen lalle a gabanta. Lokacin dashen shinkafa ne, duk cikinmu babu wanda cin ruwa bai kama ba. Daga makaranta sai gona, mu kai abinci, mu ɗauki damin iri mu miƙa wa masu dashe, mu tsaya cikin taɓo har rana ta yi sanyi. Tsakanin yatsunmu ya yi fari ya tsage, ga ƙaiƙayi kamar mutum ya cire ƙafar ya yar. Maganin Gwaggo ɗaya ne: ta cusa lalle a tsakanin yatsu, ta naɗe kowane yatsa da tsumma, sannan ta zare zare daga tsohon buhun taki ta ɗaure, ta ja da haƙori. Da ta zo kaina na ce mata ya yi tsauri, sai ta ƙara ja, ta ɗaka mini duka a cinya, ta ce idan na sake motsi za ta ɗaure har bakin.

Gwaggo Tasalla ba mace ba ce da ake yi wa musu. Ita ta raini Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu, da mijinta ya mutu kuma ta dawo gida ta zauna daram a ɗakin da ke kallon ƙofar shigowa, ba mai shiga ba mai fita sai ta gani. Ita ke raba hatsi, ita ke cewa wace tukunya za a ɗora, ita ce kuma likitar gidan ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Tana da wata magana tata da ba ta gajiya da ita: "Ciwon yaro, rabi ƙarya ne, rabi ƙiwa." Wallahi har yau idan na tuna yadda take faɗinta, tana taunar goro tana kallon mutum sheƙeƙe, sai na ji raina ya ɓaci. Ni ce na fi kowa shan ukubarta, domin a hannunta nake. A ɗakinta nake kwana, ni ke share shi, ni ke ɗebo mata ruwa daga kanal, magudanar da ke kai ruwa gonakin shinkafa.

Dalilin da ya sa nake hannunta shi ne ni 'yar fari ce. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zaunar da ni kusa da ita, ba ta nuna ta damu da ni a gaban dangin miji. Sunana Karime, amma a bakinta ni "ke" ce, idan kuma tana magana da wani, "yarinyar nan". Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo. Ina ganin Inna kullum a tsakar gida tana turara shinkafa a babbar tukunya, tana baza ta a tampol, tana juya ta da ƙafa, amma tsakanina da ita sai aike.

Da gari ya waye Gwaggo ta bi mu da reza tana yanke ɗaurin cikin hanzari, tana faɗa a kan za mu makarar da ita. Ƙafar kowa ta yi ja, ƙaiƙayi ya lafa, sauran yara suka kwasa da gudu. Ni kuwa yatsan da ke bin ƙaramin a ƙafata ta hagu ya fara zugi tun kafin in isa makaranta. Da aka fita tara na je wajen 'yar gala-gala, wasan da babu yarinyar da ke kama ƙafata a ajinmu, ina yin tsalle ɗaya na zube. Yatsan ya kumbura ya yi sumul, yana bugawa kamar an sa masa zuciya. Na dawo gida ina ɗingishi na nuna wa Gwaggo. Ko sunkuyawa ba ta yi ba. Ta ce ai ta san za a rina, yarinyar da ba ta son taɓo dole ta nemo dalili, kuma tunda cin ruwan nawa mai taurin kai ne irina, za ta ninka masa. Ta sake ƙunsa mini lalle, da ta cire kuma ta shafe ƙafar da toka haɗe da takin zamani, yadda mata ke yi idan suna son lalle ya yi baƙi. A ganinta, iya baƙinsa iya shigar magani.

To, nan ne aka kashe ni da raina. Duka yatsuna suka koma baƙi wuluk, mai lafiya da marar lafiya launinsu ɗaya. Duk wanda na nuna wa sai ya ce kai, lalle ya kama. Na yi kuka har muryata ta dishe. Na ce wani abu yana cizona a gindin yatsan, Gwaggo ta ce aljanun ƙiwa ne, kuma bulala ce ke fitar da su. Na tare Baba a zaure yana saɓe da fartanya, ya kalli ƙafar daga tsaye ya ce in yi haƙuri, Yaya ta san abin da take yi. Haka aka ci gaba da tura ni gona da kwanon tuwo a ka, ina taka dunduniya a kan gaɓar kanal, yara suna kwaikwayon tafiyata a baya. Inna tana gani. Na sha kama ta tana satar kallon ƙafata, da mun haɗa ido sai ta mayar da kai kan shinkafarta. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta aiko ƙanena da ɗumamen tuwo mai man shanu, wai a ba yarinyar nan. Na ji haushinta a kwanakin nan fiye da yadda na ji na Gwaggo, ba zan ɓoye ba.

Bayan 'yan kwanaki sai na tashi da safe na ji shiru. Zugin ya ɗauke ɗif. Ni kaina murna na yi, na taka ƙafar a ƙasa har ina dariya. Gwaggo kuwa sai ta fito tsakar gida tana shela, a zo a ga maƙaryaciya ta gaji da ƙarya, a zo a ga aikin lalle, masu cewa a kai asibiti a zuci su ji kunya. Wannan habaicin da Inna take. Ta ɗora mini kwanon abincin masu dashe ta ce in kama hanya.

Sai na bi ta gefen tampol ɗin Inna. Ƙudaje na bin ƙafata, ni ban ma kula ba. Inna ta ajiye muciyar da ke hannunta, ta sauke kwanon daga kaina, ta zaunar da ni a ƙasa, ta ɗauki ƙafata ta ɗora a cinyarta, a gaban Gwaggo, a gaban matan gida duka. Ta riƙa kama yatsun ɗaya bayan ɗaya tana kai su kuncinta. Sauran duk da ɗuminsu, wannan kuwa sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ta ciro tsinke daga tsintsiya ta tsikari babban yatsa, na zabura. Ta tsikari wancan, ta ƙara dannawa, ina kallon tsinken yana shiga amma ban ji komai ba. Gwaggo ta dawo hayyacinta ta fara zazzaga masifa, wai yau ta ga ƙarshen rashin kunya, 'yar fari a cinya da rana tsaka, wai gidan da aka ɗauko Inna ba su san tarbiyya ba. Inna ta sauke ƙafata ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta durƙusa a gabana ta juya mini baya.

"Karime, hau," in ji ta.

Na hau. Gardiyar yarinya da ni, ƙafafuna suna dukan gwiwoyinta, ta goya ni ta fice daga gidan da ba ta fita sai da izini, kuma sai bayan magariba. Gwaggo ta biyo mu har zaure tana cewa idan ta fita kada ta dawo. Muka bi gaɓar kanal, masu dashe suna ɗagowa suna kallonmu, har muka samu mai babur a bakin kwalbati ya kai mu asibiti. Bayanta yana warin hayaƙi da tururin shinkafa, ban taɓa sanin haka yake ba.

Malamar asibitin ta wanke ƙafar, ta buɗa kumburin da wani ɗan ƙarfe, sai ga shi: silin zaren buhu guda, fari siriri, wanda rezar Gwaggo ta tsallake. Ya nutse cikin tsagar cin ruwan, nama ya rufe shi, ya shaƙe yatsan har jini ya daina zuwa. Ta zaunar da Inna ta yi mata bayani a hankali, ni ma ina ji. Ta ce cin ruwa ƙaiƙayi yake yi, a tsakanin yatsu yake, kuma fari ne. Kumburin sanyi yakan kama yatsu da yawa, su yi ja su yi ƙaiƙayi. Na masu sikila yakan zo da zafin jiki, a taɓa a ji ɗumi. Amma yatsa ɗaya tilo da ya kumbura, ya canza launi, ya yi sanyi, wannan ba a kwana da shi a gida, kuma kada a shafa masa abin da zai ɓoye launinsa. "Da kun zo tun yana ciwo, zaren kawai zan yanke," ta ce. "Shirun da ya yi, mutuwa ce." Washegari likita ya cire yatsan, ya ce mu gode wa Allah da abin bai haura ƙafa ba.

Kada wani ya zaci Gwaggo ta yi nadama. Ko da muka dawo ta riga ta gama zagaya maƙwabta da nata labarin, wai yarinya ta warke sarai, uwar ta kai ta wajen masu son yanka. Inna ce ma aka sa ta durƙusa ta ba da haƙurin fita ba izini. Aka mayar da ni ɗakin Gwaggo, na ci gaba da ɗebo mata ruwa da ƙafar da ta nakasa. A makaranta suka laƙaba mini Mai Tara, 'yar gala-gala kuwa ban sake yi ba. Shekaru bayan haka, da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta tara mu ta ce kowa ya yafe mata, a dunƙule, ba ta ambaci komai ba. Kowa ya ce ya yafe. Da aka zo kaina na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, na tashi na fita. Ta gane, ni ma na san ta gane.

Yanzu abubuwa sun sake. Yaran da ke shiga taɓo da yawansu suna da takalmin roba, akwai ɗakin shan magani a ƙauyen, matan yanzu kuma suna rungumar 'ya'yansu na fari a gaban kowa, suna kiransu da sunaye har da na shagwaɓa. Ni ma haka nake yi da tawa, duk damina kuma sai na bi yatsun 'ya'yana da hannu ina jin ɗuminsu, mai faɗa ya faɗa. Inna kuwa daga ranar da muka dawo ta koma kunyarta, na koma "ke", na koma "yarinyar nan", har na yi aure, har na haihu, har Allah ya karɓi abarsa. Yatsan ban cika tunawa da shi ba sai zan sayi takalmi. Muryar nan dai nake nema, sau ɗaya tak na ji sunana a cikinta.